Nauyin Karatun Ciniki A Harvard, Da Ɗan Da Ya Kamata A Aika

Akwai wata shawara da ta yawaita a bakin attajirai a wannan zamani, watau da zarar yaro ya gama jami'a sai a tura shi Amurka ko Ingila ya karanto ilmin ciniki, ya komo ya riƙe dukiyar gida. Niyyar kyakkyawa ce, amma da yawa daga masu yinta ba su san irin kayan da za a aza wa yaron ba. Wasu na tsammani hutawa ya tafi, wasu kuwa na tsammani takardar shaida a ke sayowa kamar yadda a ke sayo hajja. Saboda haka ya kamata a ɗauki makaranta guda a dube ta da kyau, domin a san abin da a ke biya da abin da a ke karɓowa.

Makarantar ciniki ta jami'ar Harvard tana birnin Boston, a bakin kogin Charles, an kafa ta a shekarar 1908. Karatun babbar shaidarta, wadda a ke kira MBA, shekara biyu ne. A kan ɗauki ɗalibai wajen 900 kowace shekara, kusan rabinsu mata, a kasa su kashi kashi, kowane kashi mutum wajen 90. A shekarar fari waɗannan 90 ɗaki ɗaya su ke zama, fannoni ɗaya su ke karantawa, babu zaɓi: riƙon littafin kuɗi, da juya jari, da tallar kaya, da tsarin aikin masana'anta, da shugabancin ma'aikata. Kujeru a jere kamar jinjirin wata, kowa da sunansa a rubuce gabansa, malami na tsaye a tsaka.

Malamin nan ba ya biya matani ya fassara ɗalibai na saurare. Mas'ala a ke ba ɗalibi, watau labarin wani kamfani na gaske da ya shiga wani hali, da lissafinsa, da bashin da ke kansa, da abokan gasarsa a kasuwa. Sa'an nan a tsai da labarin daidai inda mai kamfanin zai yanke shawara, a ce da ɗalibi, in kai ne, me za ka yi? An aro wannan hanya daga makarantar shari'a ta jami'ar, inda aka fara ta tun 1870, mas'alar ciniki ta farko kuwa an rubuta ta a 1921 a kan wani kamfanin takalma. Malaman fiƙihu ba za su ga baƙon abu a nan ba, gama sun san littattafan nawazil, irin Mi'iyar na Wansharisi, inda a ke koyon hukunci daga abin da ya auku ga mutane. Sai dai mas'alar Harvard babu jawabi a ƙarshenta, kuma sau da yawa malami ya kan tashi bai ce ga daidai ba.

Kafin shekara biyu su cika, ɗalibi zai karanta mas'ala wajen 500. Kowace rana biyu ko uku, kowace ɗaya shafi goma zuwa ashirin, ban da jadawalin lissafi da ke bayanta. Dole ya fid da lissafin da kansa, ya tsai da ra'ayi, ya tanadi hujja, har mas'ala guda ta kan ci sa'a biyu ko fi. Dare ya tafi ke nan. Da sassafe ya gamu da abokai biyar ko shida su yi muzakara, sa'an nan a shiga darasi, kowanne minti 80. Da yamma ga neman aiki, domin hutun da ke tsakanin shekarun biyu ma a wani kamfani a ke yinsa ana aikin gwaji. Ga kuma hunturu na ƙanƙara, wanda a watan Disamba rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

To, ga inda nauyin ya ke. Malami ya kan buɗe darasi da kiran sunan ɗalibi ɗaya ba zato ba tsammani, ya ce, fara mana. Shi kuwa ya kawo ra'ayinsa da hujjarsa, sauran 'yan ajin su yi ta warware masa. A fannoni da yawa rabin makin ɗalibi daga maganarsa a aji ya ke fitowa. Yaron da ya sami tarbiyya ta gari a Kano ko Damagaram ya saba sunkuyar da kai gaban malami, ba ya katse babba, ba ya jayayya da shi. Wannan ladabi ne abin yabo a muhallinsa, amma a ɗakin nan shirunsa rashin shiri a ke rubuta masa. Har ila yau maki da na 'yan'uwa a ke auna shi: kashi goma cikin ɗari na ƙasa a kowane fanni su kan sami daraja mafi ƙanƙanta ko da sun yi ƙoƙari, wanda ya tara irinta da yawa kuwa sai majalisar malamai ta zauna ta duba ko zai ci gaba.

Me ke ba mutum abin faɗi a irin wannan zama? Abin da ya gani da idonsa. Galibin ɗaliban sun yi aiki shekara huɗu ko biyar kafin su zo. Wanda ya taɓa bin bashi ya ƙi fitowa, ko kayansa suka yi kwanaki a tashar jirgin ruwa ta Apapa yana biyan kuɗin jira, ko ya sallami yaron shago da ya ci amana, shi ne zai ji mas'ala ta yi masa kama da abin da ya sani. Don haka ɗan da ya yi jami'a, sa'an nan ya tsaya shekara biyar a Kantin Kwari ko Dawanau, Turancinsa kuma ya nuna, ya fi cancanta da wannan tafiya bisa ga ƙanensa da ya fito jiya da takarda mai kyau, bai taɓa asarar kwabo ba.

Wani zai ce Alhaji Alhasan Dantata, wanda ya rasu a 1955, bai shiga irin wannan makaranta ba, dukiyarsa kuwa ta zama abin misali. Gaskiya ne. Kasuwa tana koyarwa, amma da jarin mutum ta ke karɓar ladanta, kuma sana'a ɗaya ta ke nuna masa. Makarantar ta kan nuna masa ɗaruruwa ba tare da ya yi asarar hajja ba. Abin da ba ta iya koya masa shi ne sanin wanda maganarsa ta fi takarda, gama mas'alolinta galibi na manyan kamfanoni ne masu banki da lauya da rubutaccen lissafi.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. A 2024 ladan koyarwa kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, in an haɗa da masauki da abinci ya wuce 100,000. A shekarar nan dala ta haura naira 1,500, watau shekara biyu sun fi naira miliyan 300, ban da ribar da ɗan zai kawo da yana shago. Makarantar ta kan rage wa wajen rabin ɗalibanta bisa ga ƙarfin aljihunsu, wasu kuma su ci bashin banki mai ruwa, wanda malamai sun san hukuncinsa. Wannan a gida a ke warware shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai neman gajeren lokaci akwai INSEAD a Fontainebleau ta Faransa, wadda aka kafa a 1957, karatunta wata goma ne, amma kwanakin aka rage, kayan na nan da nauyinsa.

In an riga an aika shi, saura gida su saurara masa. Ba wakilin kamfani ba ne a Amurka, balle a ce ya dubo mota, ko ya tarbi baƙo a New York, tafiyar sa'a huɗu, alhali kuwa rashin zuwa darasi ko na rana ɗaya ana ƙidaya masa. Masu buga masa waya kuma su tuna Boston tana bayan Nijeriya da sa'a biyar, da hunturu shida. Sa'ad da uba ya buɗe shago ƙarfe tara na safe ya ɗauki waya, ƙarfe uku ne ko huɗu na dare a ɗakin ɗansa.