Idon ɗan kyanwa: a wanke a gida ko a kai likitan dabbobi?

 

Shekaranjiya wata baiwar Allah ta turo mini hoton ɗan kyanwarsu, bai fi wata guda ba, ido ɗaya ya manne da kwantsa. Ta ce, "Malam, zuma zan ɗiga masa ko man habbatus sauda?" Na ce mata ko ɗaya, Hajiya, gobe da safe a kai shi wurin likitan dabbobi. Ta yi mamaki, wai mai maganin gargajiya ne ke tura ta asibiti. To ga dalilina.

Na haura shekara talatin ina harkar itatuwa da saiwoyi, kuma abin da na koya shi ne ido ba wurin gwaji ba ne. Na ɗan kyanwa kuwa ya fi saurin lalacewa. Yawancin ciwon idonsu daga murar kyanwa yake, wadda ƙwayoyin cuta ke kawowa, kuma tana iya yin gyambo a ƙwayar idon. Gyambon nan ba ka ganinsa da ido, likita ne ke ɗiga wani ruwa mai launi ya bayyana. Idan aka yi sake, cikin 'yan kwanaki idon na iya mutuwa.

Amma fa ba kowane hawaye ne ciwo ba. In ruwan garau ne, idon a buɗe, yana shan nono yana wasa, wataƙila ƙura ce. A tafasa ruwa ya huce, a jiƙa auduga a goge a hankali, kowane ido da audugarsa. A sa masa ido kwana ɗaya. In bai yi sauƙi ba, a tafi.

Wanda ba a jira da shi kuwa: kwantsa mai kauri, rawaya ko koriya, ido a rufe ko yana ta ƙanƙance shi, kumburi, fari-fari kamar hazo a kan baƙin idon, atishawa da majina, ko ya daina shan nono. Sannan 'ya'yan kyanwa sukan buɗe ido tsakanin kwana 7 zuwa 14. In fatar idon ta kumbura tun bai buɗe ba, mugunya ce ta taru a ciki. Kada a ɓanɓare da yatsa, aikin likita ne.

Don Allah kada a sa masa kwalli, galibinsa akwai dalma a ciki. Kada a ɗiga ragowar maganin idon Maigida, wasunsu na da sinadarin da ke ƙara cinye gyambo. Farasitamol kuwa guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. A ware shi daga sauran kyanwoyin da ba na ɗakinsu ba, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Na san wani zai ce, mutum ma bai samu na magani ba, sai mage? Ban raina wannan magana ba, rayuwa ta yi tsada. Amma kai ka ajiye ta, tana kama maka ɓera, haƙƙinta na wuyanka. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Kuma maganin da aka fara da wuri ya fi araha. In ba ka san asibitin dabbobi ba, tambayi masu kiwon awaki a unguwarku inda suke kai nasu.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mana tausayin abin da ke ƙarƙashinmu. A tura wa mai kyanwa a gida.

Wassalamu alaikum.