Sharhi: Dokin Da Ke Cin Shekara Ya Yi Aikin Kwana Biyar

Duk wanda ya taɓa riƙon doki a ƙasar Hausa ya san cewa dabba ce mai cin kuɗi. Kullum sai an ba shi dawa ko gero, da harawa, da dusa, da kanwa, ga albashin ɗan barga, ga kuɗin magani. Amma idan aka ƙirga ranakun da yake shigo wa mai shi da wani abu, da wuya su wuce na hawan Salla ƙarama da babba, sai kuma ɗan abin da ake samu wajen hawan angwanci. A ma'aunin ciniki wannan jari ne kwantacce. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da 'yan kasuwarmu za su tayar da shi, ta hanyar shirya wa masu yawon shaƙatawa tafiya bisa dawaki cikin tsaunuka da kwaruruka, da jagora ɗan ƙasa a gaba, kuma su soma daga bakin Abuja.

Babu mai musun darajar hawan Salla. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Salla na Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Sai dai a wannan shekarar ta 2024, da kuma 2025, rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta hana hawan saboda dalilan tsaro, kamar yadda annobar korona ta hana shi a 2020. Masu ba da hayar dawaki, da maɗinkan kayan doki, da maƙeran linzami da likafa, su ne suka ɗauki asarar. Sana'ar da ta rataya ga kwanaki ƙalilan, sanarwa guda tana iya rufe mata shekara.

Akwai ƙasar da ta riga mu gane wannan a nan Afirka. Lesoto ƙasa ce ta tsaunuka, wadda babu inda ya yi ƙasa da mita 1,000 daga doron teku a cikinta, kuma mutanenta sun daɗe suna sufuri da ƙananan dawaki masu jure hawan dutse. A 1983 aka buɗe cibiyar yawo bisa doki a can da taimakon ƙasar Ailan. Abin da ya fi dacewa mu duba shi ne tsarin da ake bi a kwarin Malealea: masauki na ɗan kasuwa ne, amma dawakin na mutanen ƙauye ne, jagororin 'ya'yansu ne, kuma a bukkokinsu baƙi ke kwana idan tafiyar ta kwanaki ce. A Kirgistan ma, cikin Asiya ta Tsakiya, ƙungiyar Helvetas ta ƙasar Suwizalan ta taimaka aka kafa irin wannan tsari a garin Kochkor a shekarar 2000, inda makiyaya ke kai baƙi tafkin Song-Kul bisa dawakinsu. A wuraren biyu ba a gina wani katafaren otal ba kafin a fara. Da dokin da ke hannu aka fara.

Me ya sa muka ce bakin Abuja? Domin a nan mai saye yake. Tun da aka mayar da mazaunin Gwamnatin Tarayya Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, birnin ya tara ma'aikatan jakadanci, da na bankuna, da na kamfanoni, mutanen da ke da abin kashewa ranar Asabar da Lahadi amma wuraren zuwa sun yi musu kaɗan. Garin Masaka, a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, yana kan babbar hanyar Abuja zuwa Keffi, wato ƙofar da ake bi zuwa duwatsun Eggon da ke kusa da Akwanga, da magangarar ruwa ta Farin Ruwa a yankin Wamba, da tsaunin Jos. Yawancin mazauna Masaka a Abuja suke neman abinci, su yi sammako su dawo da dare. Barga ɗaya mai tsari a wannan yanki za ta ba matasa aikin da ba sai sun shiga cunkoson Mararaba ba.

Shawararmu ga mai son zuba jari ita ce kada ya fara da mafarkin Mambila. Gaskiya ne tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da gandun Gashaka-Gumti inda dutsen Chappal Waddi ya kai mita 2,419, su ne suka fi kama da Lesoto a duk Nijeriya. Amma nisansu da halin hanyarsu sun sa sai kasuwa ta kafu za a iya kai baƙo can a ci riba. A fara da kilisa ta awa biyu ko uku, sannan ta wuni, sannan ta kwana ɗaya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masu shakka za su ce tsaro fa? Tambayar tana kan hanya. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris, 2022, da sace-sacen mutane a yankin Bwari a farkon 2024, sun isa su sa kowa ya yi taka-tsantsan. Baƙo ɗaya aka sace bisa doki, sana'ar ta mutu kafin ta yi rarrafe. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa tsarin Malealea ya fi dacewa da mu. Idan dagaci, da manomin da za a bi gefen gonarsa, da makiyayin da ke rugar kan hanya duk suna da rabo cikin kuɗin tafiya, to kowannensu ya zama ido da kunne. Kamfanin da ya kawo dawakinsa da ma'aikatansa daga birni, ya wuce mutane yana tayar musu da ƙura, ba zai ji labarin abin da ke cikin daji ba sai bayan ya faru. Inda kuwa mutanen gari da jami'an tsaro suka ce hanya ba ta biyuwa, a fasa, komai yawan kuɗin da aka karɓa.

Matsala ta biyu ita ce lafiyar dabbar. Dokin da aka sayo a kasuwar Maigatari ya saba da busasshiyar ƙasa mai rairayi. Yankin Abuja kuwa yana da damina mai tsawo, kuma a kurmin bakin rafuka akan sami ƙudan tsando mai sa cutar sammore. Saboda haka dole a ɗauki likitan dabbobi tun kafin a sayi sirdi, a kuma mai da hankali ga rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙasa ta bushe, zafi bai tsananta ba. Haka nan ingarman da aka horar domin sukuwa da tirjiya a ƙofar fada ba shi ne za a aza wa wanda bai taɓa hawa ba. Ana bukatar doki mai sanyin hali da tabbataccen kofato, irin kurun da mutanen tsaunin Jos suka daɗe da sani.

Daga gwamnati ba mu neman ta sayi doki ko ɗaya. Abin da ake bukata daga Hukumar Raya Yawon Shaƙatawa ta Nijeriya da Gwamnatin Jihar Nasarawa, abu uku ne: rajistar jagorori, ƙa'idar hular kwano da inshorar mahayi, da shata hanyoyin da dawaki za su bi. Na ukun ya fi gaggawa, domin filayen da ke tsakanin Mararaba da Keffi kullum yanka su ake yi ana gini. Hanyar da ba a shata ba bana, baɗi katanga za a tarar a kanta.

Muna kira ga ƙungiyoyin masu dawaki na Kano, Katsina da Zariya, da Majalisar 'Yan Kasuwa ta Abuja, su zauna da sarakunan yankin Karu da Keffi kafin rani mai zuwa, su gwada hanya guda da dawaki goma. Idan ta biya kuɗin harawa da na ɗan barga, sai a ƙara ta biyu.