Hatimin Lafiyar Ƙananan Jiragen Sama

Ga wani al'amari wanda ya kamata mutanen Fagge da Sabon Gari su dube shi, gama filin jirgin Malam Aminu Kano maƙwabcinsu ne, jirage kuwa bisa soraye da rumfunansu suke ratsawa dare da rana. Tun watan Nuwamba na 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, garin nan bai rabu da sha'anin jirgi ba.

Ku sani, jirgi ba ya tashi sai da takardu biyu. Ta farko ita ce shaidar ƙira, wadda hukumar ƙasar da aka ƙera shi take bayarwa. Ta biyu ita ce shaidar lafiyar kowane jirgi shi kaɗai, wadda a ƙasarmu hukumar NCAA take bayarwa, tana sabunta ta bayan dubawa. Misalinsu kamar mudu ne: akwai hatimin da aka buga masa ran da aka yi shi, akwai kuma mai duba kasuwa da zai zo ya ga ko an buge masa gindi.

To, a Amurka an daɗe ana kuka da dokar shaidar ƙira ta ƙananan jirage, watau masu ɗaukar mutum 19 ko ƙasa da haka. Dokar ta dā ta ƙayyade yadda za a yi kowane abu dalla-dalla, har ya zama wanda ya ƙago na'urar da za ta tsare matuƙi daga faɗuwa sai ya kashe dukiya mai yawa da shekaru kafin a yarda masa. Saboda haka mutane suka riƙe tsofaffin jirage. A 2013 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar gyara, sababbin ƙa'idodi suka fara aiki a watan Agusta na 2017, ƙasashen Turai ma suka yi irin nasu a wannan shekara. Yanzu hukuma takan faɗi irin amincin da ake bukata, ta bar wa maƙera zaɓen hanya, amma su kawo hujja. An kuma kasa jiragen kashi huɗu bisa yawan fasinja, domin jirgin mutum biyu ba daidai yake da na mutum 19 ba.

Wannan gyara ya shafe mu, domin daga waɗannan ƙasashe muke sayen jirage, har da waɗanda ɗalibai suke koyon tuƙi da su a makarantar Zariya, wadda aka kafa a 1964. In sabon jirgi ya yi sauƙin kuɗi, tsoho zai huta.

Amma fa akwai abin tsoro. In aka ce maƙeri ya kawo hujja, sai mai duba hujjar ya zama masani ƙwarai, wanda kuma ba ya kwaɗayi. Duniya ta ga abin da ya faru da manyan jiragen Boeing 737 MAX, inda aka sakar wa kamfani wani sashe na duba kansa: biyu suka faɗi, a 2018 da 2019, mutum 346 suka rasu. Mu kuwa mutanen Kano ba sai an ba mu labari ba. Ran 4 ga Mayu, 2002, jirgin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, fiye da mutum 100 suka rasu, wasunsu suna zaune cikin ɗakunansu, ba su sayi tikiti ba. A wannan shekara aka hana shigo da jiragen da suka wuce shekara 22. Haka kuma sai bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a Oktoba, 2006, aka sa hannu a dokar da ta ba NCAA cin gashin kanta. Kada mu saba da gyara bayan jana'iza.

Ƙaramin jirgi ma ba ya jin kunyar babban mutum. A Oktoba, 2012, Gwamna Danbaba Suntai na Taraba ya faɗi kusa da Yola da jirgin Cessna, shi ne kuwa yake tuƙi. A 2024 kuma NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jiragen kansu, bayan an gano akwai masu yin haya da jirgin da ba shi da takardar haya, alhali dubawar jirgin haya ta fi tsanani.

Don haka shawararmu ita ce: Gwamnati ta karɓi sauƙin da aka yi wa ƙira, ta ƙara wa masu dubawa ilimi da albashi, kada kuma babba ya sa baki a aikinsu. Ku attajirai, in za ku yi shatar jirgi, ku nemi ganin takardar haya kamar yadda kuke duba dila kafin ku biya. Ku malamai, ku tunatar cewa sa hannu a takardar lafiyar jirgi shaida ce, shaidar zur kuwa kun fi kowa sanin hukuncinta. Ajali na Allah ne, amma sakaci namu ne.

Allah ya kiyaye matafiya da mazauna gida. Wassalam.