Kwalaben fetur a gindin zanar aji

Da an gama girbin hatsi a Arewa kowa ya san aikin da ke gaba: iyaye su tara kara da itace, a saƙa zana, a kafa rumfunan da za a kira azuzuwa. Na yi ƙorafi a kan wannan har bakina ya gaji. Abin da ya ɓata mini rai a makon nan shi ne abin da muke bari a girka a gindin zanar.

A wani ƙauye na karkarar Sukukutane, ɗan ruwa-ruwa ya kafa teburinsa daf da bayan ajin ƙananan yara. Kwalabe a jere rana na dukansu, jarka a ƙarƙashin tebur, mazurari na ɗiga a ƙasa. Ɗan kabu-kabu ya tsaya a zuba masa lita ɗaya, bai kashe babur ba, taba tana bakinsa. Can gefe mai ƙosai ta hura murhu, iskar hunturu tana kaɗa tartsatsi inda ta ga dama. Cikin rumfar kuwa yara ne zaune a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, suna bin malami da ƙarfi, ƙofa ɗaya ce kuma ƙarama.

Na ce da mai fetur, "Ɗan'uwa, ba ka ganin wurin nan ya yi kusa?" Ya ce, "Alhaji, nan ne bakin hanya. Kuma Allah ke tsarewa." Allah ke tsarewa, gaskiya ne. Shi ne kuma Ya ba mu hankali.

Mun manta da 13 ga Afrilun 2021? Gobara ta tashi a makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai, yara wajen 20 suka mutu cikin azuzuwan zana, yawancinsu 'yan ajin raino. Shekara ba ta ƙare ba, ranar 8 ga Nuwamba, aka sake yi a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Gwamnati ta ce ta hana sa 'yan ƙanana na ajin raino cikin rumfunan kara. To sauran fa? Ɗan shekara bakwai wuta ba ta cinsa ne? A Yamai da Maraɗi akwai motocin kashe gobara, duk da haka ba su ceci yaran ba, don zana ba ta jiran kowa. A ƙauyukanmu kafin labari ya kai Dogon Dutsi an gama tara toka.

Na sani, masu lambun farar albasar da Sukukutane ta yi suna da ita suna bukatar fetur don injin ban ruwa, mai ƙosai kuma marayu take ciyarwa. Ban ce a kashe wa kowa sana'a ba, cewa na yi a matsa.

Matsalar dai tsohuwa ce: filin makaranta ba shi da iyaka. Babu katanga, babu shinge, babu ko turke. Yau mai tebur, gobe mai cajin waya da amsa-kuwwarsa, jibi wani ya yanki gefe ya kafa shago, awaki suna cin zanar ajin ta baya. Ranar da daraktan makaranta ya yi magana a ce masa baƙo ne, jibi za a canza masa wurin aiki.

Kwamitin kula da makaranta fa, ina amfaninsa? Tara kuɗin alli kaɗai aka zaɓe ku? Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun gundumomi, kantomomin da aka naɗa ba su da ƙuri'ar da suke tsoron rasawa. Babu ɗan siyasar da za a ce ya hana. Wannan aiki ba ya bukatar taro a otal, ba ya bukatar kuɗin Turawa. Kantoma da maigari da darakta su fito da igiya, a auna tazara daga zanar ƙarshe, a kafa turaku, a yi shela a kasuwa da masallaci cewa ba wuta, ba fetur, ba taba a cikin wannan da'ira. Wanda ya ƙi, a kai shi gaban jandarma. Daga Matankari zuwa Dogon Kiriya, daga Tibiri zuwa Gecheme, ban ga garin da ya rasa igiya ba.