Raddi ga masu cewa telikonbata na mai da 400 ta zama 800

Akwai wata magana da ke yawo a bakin masu sayar da kayan ɗaukar hoto, kuma ta ishe ni. Wai duk mai gilashin zum na 100-400mm da ke son hoton namun daji, ya sayi telikonbata mai ninki biyu, ya ɗaura ta tsakanin kyamara da gilashi, shi ke nan ya mallaki 800mm, ya yi kafaɗa da masu gilashin miliyoyi. Suna yi wa zancen ado, amma gundarinsa ke nan.

Tsawo kam ya ninka, ba musu. To ina haske? Telikonbata ba ta ƙara wa gilashin gaba faɗi ko da na kaurin gashi. Tsakiyar hoton take ɗauka ta baza shi, hasken da ke taruwa a fili ɗaya ya rabu a fili huɗu. Gilashin Canon EF 100-400mm ƙofar haskensa f/5.6 ce a ƙarshen zum. Sa masa ninki biyu, ya koma f/11, wato rubu'in hasken da yake samu da. Shi kuwa 800mm na manya da suke cewa an kamo, f/5.6 ne. Huɗu da ɗaya, wai duk kanwar ja ce!

Da a ce dabba na fitowa da tsakar rana ta tsaya cak, da sauƙi. Gwanki da giwa a Yankari sassafe da la'asar sakaliya suka fi motsi, lokacin da haske ya yi ƙaranci. Tsuntsun da ya tashi a dausayin Haɗeja-Nguru kuwa yana buƙatar saurin 1/1000 na daƙiƙa, ko fiye. Wanda ke kan ISO 800 a wannan sauri, da ya ɗaura ninki biyu zaɓinsa biyu: ya sauka zuwa 1/250, fukafukai su yi dishi-dishi, ko ya haura ISO 3200, hoto ya cika da tsaki-tsaki. Mai shago ba ya faɗin wannan, ina dalili zai faɗa?

Sai batun saitin gani. Tsofaffin kyamarori masu madubi da yawa ba sa saitawa da kansu idan ƙofa ta wuce f/5.6. Canon 7D Mark II da Nikon D500 sun kai f/8, amma da 'yan ɗigon saiti kaɗan. A f/11 sai dai hannu. Za su ce ai sababbi marasa madubi sun warware wannan. Suna saitawa, gaskiya ne, amma hasken da aka zubar bai dawo ba.

Kaifi fa? Zum ya fi rauni galibi a ƙarshensa, telikonbata kuwa duk aibin da ta tarar sai ta ƙara masa girma. Hazon hunturu da rawar iskar zafi ma tare take jawo su da dabbar.

Kuma ba kowane zum ke karɓar ta yadda ake so ba: Canon RF 100-500mm sai daga 300mm zuwa sama.

Mai ninki 1.4, wadda rabin haske kawai take ci, ta ba da 560mm a f/8, ita kam da rana tsaka ba laifi. Amma ba ita suke talla ba.