Ka ɗauki hoton kafin katafila ta iso, amma kada ka yi wa kurkuku kwalliya

Idan kana yawan zagaye a Instagram ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin hotunan nan ba: dogon lungu na tsohon kurkuku, fenti ya ɓaɓɓare, gadon ƙarfe ya yi tsatsa, ga haske yana zubowa ta wata 'yar taga can sama. Hoton yana da faɗi kamar ka tsaya a tsakiya kana jujjuya kai, kuma duk da duhun wurin kana ganin kowace tsaga a bango. Da yawa daga cikinsu a kurkukun Eastern State da ke Filadelfiya a Amurka aka ɗauke su. An buɗe shi a 1829, aka rufe a 1971, ya zama kufai na tsawon shekaru, daga baya aka buɗe shi ga masu ziyara ba tare da an goge masa tsufansa ba.

To, kai da kake zaune a Mahuta, ko ke da kike Sabon Tasha, me ya haɗa ku da wannan? Abin da ya haɗa ku shi ne mu ma muna da irin waɗannan gine-gine, wasu sun kusa tashi daga aiki, kuma wayar da ke hannunku za ta iya yin wannan aikin. Matsayinmu a wannan fili shi ne matasa su koyi ɗaukar irin wannan hoto tun yanzu, su ɗauke shi a matsayin shaida ta tarihi, ba kayan neman a danna musu so ba.

Mu fara da abin da ke gabanmu. A 2025 gwamnatin Kano ta sanar da shirin mayar da gidan yarin Kurmawa gidan tarihi, a kwashe mazauna cikinsa zuwa sabon gidan gyaran hali na Janguza. Kurmawa, wanda ke dab da fadar Sarkin Kano, an gina shi tun 1910. Nan Kaduna kuwa, babban gidan yarin da ke kan titin Independence ya samo asali tun 1915, ga na Kakuri, ga kuma gidan horon yara na Barnawa, duk suna aiki har gobe. Amma gari yana cinye su, filin da suke kai yana ƙara tsada, kuma duk wanda ya san Kaduna ya san abin da ke faruwa da tsohon gini idan filinsa ya yi daraja. Otal ɗin Durbar, wanda aka gina saboda bikin FESTAC na 1977, ya daɗe a yashe kafin a rushe shi a farkon 2020. Ka tambayi kanka, hoto nawa ka taɓa gani na cikinsa? Dubban matasa masu wayoyi sun yi shekaru suna wucewa ta gefensa.

Ko da ba a rushe gini ba, gyara ma yana iya share shi. Tsakanin ranar da aka fitar da fursuna na ƙarshe da ranar da mai fenti ya shigo da bokitinsa akwai ɗan lokaci kaɗan, kuma a wannan lokacin ne kawai bango yake faɗin gaskiya. Layukan da wani ya zana yana ƙirga kwanaki, addu'ar da wani ya rubuta da gawayi, baƙin da jikin mutane ya bari a inda suke jingina, duk shafe ɗaya na farar ƙasa zai tafi da su. A Legas, tsohon kurkukun Broad Street da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1872, wanda ya riƙe mutane irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, an rushe mafi yawansa tun kafin a mayar da wurin Freedom Park a 2010. Wurin ya yi kyau, ana kiɗa ana shaƙatawa, amma yawancin ɗakunan asali sun riga sun tafi.

Yanzu bari mu zo kan aikin kansa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Matsalar ɗakin kurkuku ita ce haske. Ɗaki ne mai duhu da taga ƙarama guda ɗaya. Idonka yana iya ganin bango da tagar lokaci guda, kyamara kuwa ba ta iyawa. Idan ta bi hasken taga, ɗakin zai fito baƙi ƙirin. Idan ta bi duhun ɗaki, tagar za ta zama farin tabo, sandunan ƙarfen ma su ɓace. Wannan ne HDR yake magancewa. Ana ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa, ɗaya da ƙarancin haske don a kama taga, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya da yawan haske don a kama lungunan duhu, sannan a haɗe su su zama hoto ɗaya. Alamar HDR da kake gani a kyamarar wayarka haka take yi cikin ƙiftawar ido, sai dai idan duhu ya yi yawa ko tazarar haske ta yi nisa, tana gazawa.

Saboda haka ka shiga sashen Pro idan wayarka tana da shi. Ka sauke ISO zuwa mafi ƙanƙanta don kada hoton ya yi yashi-yashi, ka kulle saitin launi da na nisa, ka bar saurin ɗauka kawai kana canzawa. Ka ɗauki uku: -2, 0, +2. Kowane mataki ɗaya yana ninka haske sau biyu, don haka daga 0 zuwa +2 ninki huɗu ke nan. Idan rana tana bugun tagar kai tsaye, uku ba za su isa ba, ka ɗauki biyar. Idan akwai RAW, ka kunna. Kuma dole wayar ta tsaya cak. In ba ka da ma'aunin nan mai ƙafa uku, na 'yan TikTok ma ya wadatar, kawai ka sa lokaci na daƙiƙa biyu don kada yatsanka ya girgiza ta.

Sai hoton kewaye, wanda wayarka ke kira Panorama ko Pano. A fili mai faɗi za ka iya juyawa da jikinka hoton ya fito lafiya. A ƙaramin ɗaki ba haka ba ne. Abin da ke kusa da kai, kamar sandunan ƙofa, yana sauya wuri idan kyamara ta gusa ko da kaɗan, sai ka ga ƙarfe ya karye biyu a wurin haɗi. Maganin shi ne idon kyamarar ya tsaya wuri ɗaya, wayar ce za ta juya a kansa, kai kuma ka riƙa zagaya ta. Ka tsayar da wayar a tsaye, kowane sabon hoto ya hau kan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi. Idan ka tsaya sau 10 kafin ka kewaye ɗakin, kowace tsayawa hoto 3, hoto 30 ke nan don ɗaki ɗaya. Akwai manhajar kwamfuta mai suna Hugin, kyauta ce, tana haɗa haske tana kuma ɗinke faɗin. Lightroom na kwamfuta ma yana yi, amma shi da kuɗi.

A nan ne fa yawancin masu wannan hoto suke zamewa. Da zarar an haɗa, sai a ja maɓallan gyara har ƙarshe: tsatsa ta koma kalar zinare, gansakuka ta yi kore shar, kowane lungu ya haskaka kamar ɗakin amarya. Mai kallo zai ce kai, wurin nan ya haɗu. Wurin da aka tsare mutum shekaru yana kwana kusa da bokitin bahaya, shi ne ya haɗu? Idan hotonka ya sa mutum sha'awar shiga ɗakin, to ka yi ƙarya da kyamara. Ma'auni mai sauƙi shi ne wannan: ka tsaya a ɗakin minti biyar har idonka ya saba, abin da ka gani a lokacin shi za ka fitar. Inda yake da duhu ka bar shi da duhunsa, kawai a iya gane abin da ke ciki. Duhun nan yana cikin hukuncin da aka yi wa mutanen.

Kada ka manta su waye suka zauna a irin waɗannan ɗakuna. Kalmar gidan yari ma daga sarautar Yari ta fito, mai kula da ɗaurarru a ƙarƙashin sarki. Gidajen yarin En'e sun ci gaba da zama a hannun hukumomin gargajiya har 1968 lokacin da aka haɗe su da na tarayya, kuma a shekarun 1950 'yan NEPU da dama sun ɗanɗana su saboda siyasa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an ɗaure ta har sau 16. A yau kuma, duk da dokar 2019 ta sauya sunan zuwa gidajen gyaran hali, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba tukuna. Yawancinsu sa'anninka ne. Wani ɗan unguwarku ne da aka kwasa a samame, iyayensa ba su da kuɗin lauya. Wanda ya san wannan ba zai shiga tsohon ɗakin kurkuku ya ɗaura ankwa a hannu yana wasan barkwanci don bidiyonsa ya yi tashe ba.

Akwai kuma maganar sunaye. Idan ka tarar da suna ko lambar waya a bango, ka tuna mai sunan wataƙila yana raye, ya yi aure, 'ya'yansa suna makaranta, maƙwabtansa ba su san ya taɓa shiga ba. Ka ajiye hoton asali yadda yake a ma'ajiyarka, amma wanda za ka ɗora a intanet ka dusashe sunan. Tona asirin bawan Allah ba ya cikin aikin tarihi.

Wani zai ce, to me ya sa za mu adana abin baƙin ciki, a rushe kawai a huta? Tambaya ce mai ma'ana, musamman daga bakin wanda ya taɓa kwana a ciki. Amma ka duba tsibirin Robben a Afirka ta Kudu, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 cikin 27 ɗin da ya yi a ɗaure. Da an rushe shi, da yau wani zai iya cewa ai abin bai kai yadda ake faɗa ba. Yanzu kuwa yaro yana zuwa ya ga faɗin ɗakin da idonsa. Gani ya kori ji. Ranar da wani mai mulki zai ce a zamaninsu ba a cunkusa mutane ba, hoton da ya nuna faɗin ɗaki da yawan tabarmin da ke ciki zai ba shi amsa.

Sai gargaɗi, kuma wannan da gaske muke. Kada ka kuskura ka ɗaga waya a gaban gidan gyaran halin da ke aiki, ko a bakin katangarsa. Tun harin da aka kai gidan yarin Kuje a watan Yulin 2022 jami'an tsaro ba sa wasa da wannan, kana iya zuwa ɗaukar hoton kurkuku ka kwana a ciki. Haka ma matatar mai da ke maƙwabtaka da Mahuta, ka bar ta. Gini ko ya zama kufai yana da mai shi. Ka rubuta takarda, ka nemi izini daga hukumar da ke riƙe da shi, ka je da sunan ƙungiya ko makaranta, ka riƙe kwafin amincewar a aljihu. Ku je ku uku ko huɗu, da rana, da takalmi rufaffe. Tsohon gini yana da maciji, rufinsa yana iya ruftowa, wani lokacin kuma maɓoyar 'yan shaye-shaye ce.

Kafin wannan damar ta zo, akwai wurin koyo birjik. Ɗakinku da tsakar rana, a rufe ƙofa a bar taga ɗaya, matsalar haskensa iri ɗaya ce da ta ɗakin fursuna. Akwai zauren gidan kakanni, akwai tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Ga masaƙun Kakuri nan, irin su Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, inda iyayen wasunku suka ci abinci shekara da shekaru. In an samu izinin masu kula da su, dogayen ɗakunan injinan nan sun cancanci a adana su kafin su bi sahun Durbar.

In ka gama, kada hoton ya mutu a status na awa 24. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, don haka ka tura shi a matsayin fayil. Ka ajiye na asali a wuri biyu. Ka rubuta sunan wurin, da ranar, da sashen ginin da ka tsaya, da abin da wani tsohon gandiroba ko tsohon ma'aikaci ya gaya maka idan ya yarda a faɗa. Sannan ka ɗora a Wikimedia Commons, inda ɗalibi ko ɗan jarida zai same shi bayan shekara ashirin da sunanka a jiki.

Wannan Asabar ɗin ka gwada da ɗakinka. Hoto 30, taga ɗaya, sandunan tagar su fito ba su karye ba, lungun bayan ƙofa kuma ya fito da duhunsa. Ranar da aka ce an kwashe mutane daga Kurmawa ko wani makamancinsa, a samu 'yan Kaduna da suka riga suka iya aikin, da takardar izininsu a hannu.