Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: A Ba Mu Gasar Langa Duk Asabar

Duk shekara muna biyan kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista, amma in ka zagaya filin makarantar nan ranar Asabar da la'asar, ban da 'yan ƙwallon ƙafa da ɗan abin da ba a rasa ba na masu kallonsu, ba ka ganin kowa. To sauran muna ina? Wasu suna gidan kallo ana ta musu kan Arsenal da Chelsea kamar za a doku. Wasu suna kwance a ɗaki sun ƙura wa waya ido, suna jiran su ga ko tikitin cacar da suka yanka da kuɗin abinci zai ci. 'Yan mata kuwa ba a ma sa su a lissafi. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ƙungiyar ɗalibai ta kafa gasar wasannin gargajiya ta kowace Asabar tun a wannan zangon, kuma a fara da langa.

Kafin wani ya yi dariya ya ce wasan ƙauye, bari in ba ku labarin wani wasa da ya fi langa kama da shiririta. A Amurka akwai abin da za mu iya kira golf ɗin faifai. Faifan roba ne, dangin wanda ake sayarwa da sunan Frisbee, mutum ya tsaya daga nesa ya wurga shi, ya bi shi inda ya faɗi ya sake wurgawa, har ya jefa shi cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa a kan sanda. Fili yakan ƙunshi kwanduna 9 ko 18, wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Shi ke nan wasan. Da farko ma bishiyoyi da sanduna matasa ke auna wa a wuraren shaƙatawa. A 1975 aka kafa filinsa na dindindin na farko a Oak Grove, a yankin Pasadena ta jihar Kalifoniya. A 1976 wani mai suna Ed Headrick ya kafa ƙungiyar 'yan wasan, PDGA, kuma shi ne ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙoƙi. A 1982 aka fara gasarsa ta duniya. A 2021 kuwa wani ɗan wasa, Paul McBeth, ya sa hannu kan kwantiragin dala miliyan 10 na shekara 10 da kamfanin Discraft mai yin fayafayen. A kan jifan faifai fa!

Abin da ya ɗaga wannan wasa shi ne ƙananan gasanni na ƙarshen mako. Ma'aikaci da ɗalibi da tsoho su haɗu ranar Asabar a filin unguwa, kowa ya biya ɗan kuɗin shiga, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon ƙwarewa da shekaru, mata da nasu rukunin. Dokar a rubuce take, iri ɗaya ko'ina. Duk ɗan ƙungiya yana da lamba, kuma ana ajiye sakamakon kowace gasa da ƙungiyar ta amince da ita, ta yadda mutum zai san matsayinsa a tsakanin 'yan wasan duniya. Ba na cewa mu je mu sayo kwanduna daga waje. Wannan ɗabi'ar tasu ta haɗuwa duk mako, da rubuta doka, da ajiye sakamako, ita nake so mu ara mu yafa wa namu wasannin.

Langa ta girmi golf ɗin faifai nesa ba kusa ba, kuma ta fi shi neman ƙarfi da dabara. Ka kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ka yi ta tsalle a kan ɗaya, kana ture abokan hamayya kana kare ruwanku har ya kai ya sha. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Duk wanda ke ganin abin wasa ne ya gwada minti uku, gobe ya ba mu labarin cinyoyinsa. Kuma an riga an san da ita a hukumance: a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, yanzu ana ba da lambobin yabo a langa da kokawa da dambe da ayo da abula, kuma langar ma an kasa ta gida uku, ruwa da tureshi da kawoshi. Ke nan akwai zinare a sama yana jira, tsanin hawa ne babu. Yaron da ya iya langa a Shanga ko Tungan Giwa ko Wara ba shi da wata gasa ta mako ko ta wata da za ta kai shi gaban masu zaɓen 'yan wasan jiha.

A hutun da ya wuce na shiga wata gasar langa ta kwana biyu da samarin unguwanni suka haɗa a garinmu Shanga. Jama'a sun taru fiye da yadda aka zata, har da dattawa da suka zo da tabarminsu, masu ƙosai da rake suka yi ciniki. Amma a wasan kusa da na ƙarshe rigima ta tashi. Ruwan ɗaya ɓangaren ya sauya ƙafa a tsakiyar fili, mu muka ce ya faɗi, su suka ce a unguwarsu ana yin haka. Alƙalin wasa ya rasa ta cewa, don ba shi da takardar da zai nuna wa kowa. Aka watse ba a raba kyauta ba, har yau ba a sake haɗawa ba. Sha'awa tana nan, gwanaye suna nan, takarda shafi biyu ce ta kashe gasar. Mu da muke zaune muna rubuta rahoton gwaji da furojet, shafi biyu na dokar langa zai gagare mu?

Wani zai ce ai muna da bukukuwa. Gaskiya ne, kuma ina alfahari da su. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma a cikinsa ana kabanci, wato tseren jirgi da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa. Mu ma a masarautar Yauri muna da Rigata, inda matuƙa ke nuna bajintar da suka gada a kan kogin Kwara a gaban Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, da manyan baƙi. Sai dai biki kwana biyu ne ko huɗu a shekara, wani lokaci ma a tsallake shekaru ba a yi ba, kamar yadda aka daɗe ba a yi na Argungu ba kafin a dawo da shi a 2020. Biki yana nuna gwanin da aka riga aka samu ne, ba ya haifar da sabo. In babu inda ake karawa a sauran makonnin shekara, wata rana za a buga ganga a rasa masu fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da can dandali ne ke yin wannan aiki. Da an ci tuwon dare, farin wata ya fito, yara sun cika fili da langa da kokawa, ba mai gayyatar kowa. Waya da gidan kallo sun ci rabin wannan, rashin tsaro ya cinye sauran. A yankinmu, tun da aka sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, ga kuma hare-haren da ƙauyukan Shanga suka sha, wane uba ne zai bar ɗansa a waje bayan isha'i da sunan wasa? Dandalin dare ya tafi, ba kuma zai dawo don muna kewarsa ba. Dole wasannin su sami sabon gida da rana, a wuri mai katanga da tsari. Ban ga inda ya fi filin makaranta ba.

In kuna ganin misalin Amurka ya yi nisa, ku leƙa Nijar. Tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi, inda kowace jiha daga cikin takwas ke kawo 'yan kokawa 10. Kafin a kai can sai an yi ta tankaɗe da rairaya daga ƙananan hukumomi zuwa jiha. Da haka aka sami irin su Issaka Issaka na Dosso, wanda ya ɗauki takobi sau da dama, har mu a nan muna bin wasanninsa a waya. Kokawar nan ita ce dai tamu. Su sun gina mata tsani, mu muna jiran ranar biki.

Akwai kuma abin da ya wuce nishaɗi, musamman ga mu 'yan bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin ya raba garuruwa da kasuwanninsu, jirgin ruwa ya zama motar mutanen Yauri da Ngaski da Shanga. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kusan 20 kawai aka ceto da rai. Har gobe akwai matuƙin da ke ganin sa rigar ceto ragwanci ne, fasinja ma yana jin kunyar nema. Wa'azin jami'ai bai sauya wannan ba. Amma a ce ƙungiyoyin ɗaliban yankin su haɗa kai da sarakunan ruwa a riƙa tseren kwale-kwale da iyo a ƙarshen mako lokacin hutu, da doka ɗaya wadda ba sassauci: ba riga, ba tsere. Ran da yaro ya ga gwanin da yake so ya zama ya ci tsere sanye da rigar ceto, ran nan rigar ta daina zama abin kunya. Wannan mataki na biyu ne, kuma ba za a yi shi ba sai da jirgin ceto da masu nutso a kusa. Amma wanda bai iya haɗa gasa a kan tudu ba, kada ya kusanci ruwa.

Na san uzurin da za a kawo. Za a ce babu kuɗi. Langa ba ta son ƙwallo, ba ta son takalmi, ba ta son raga. Toka ko farar ƙasa ta shata fili, usur ɗaya, littafi ɗaya, akwatin agajin gaggawa. Kuɗin lemo da kujerun haya na taro ɗaya na ƙungiya ya isa a yi zango guda. Za a ce karatu. Awa biyu ce bayan la'asar, kuma a dakata mako biyu kafin jarrabawa. Wanda ke kashe awa huɗu a gidan kallo ba shi da bakin wannan magana. Za a ce mata fa? A ba su rukuninsu da alƙalai mata, a wurin da suka zaɓa da kansu, a haɗa da dara da ayo ga duk wanda ba ya son tsalle, mace ko namiji. Su ma sun biya kuɗin wasannin nan daidai da mu.

Saboda haka ga abin da nake roƙon Daraktan Wasanni da majalisar ɗalibai. A kafa kwamitin mutum biyar, a nemo dokokin langa da ake amfani da su a Bikin Wasanni na Ƙasa daga hukumar wasanni ta jiha, a fassara su da Hausa, a manna a allon sanarwa na kowane sashe. Kowane sashe ya fitar da tawaga, a yi jadawalin zango gaba ɗaya tun daga makon farko. 'Yan kimiyyar kwamfuta su riƙe teburin maki, a riƙa tura shi zaurukan WhatsApp duk daren Asabar. 'Yan injiniya su ƙera kofi a bita, ya zama aikin hannunmu. Sannan a rubuta gasar cikin kundin tsarin ƙungiya da kasonta na kuɗi, don kada ta mutu ran da wannan shugabanci ya sauka. In abin ya kankama, a gayyaci makarantun da ke kusa, ta yadda ko gasar NIPOGA ta zo, ko jiha ta tashi neman 'yan wasa, muna da sunaye da sakamako a hannu.

Ni saura 'yan watanni in gama difloma, wataƙila wasa biyu ko uku kawai zan samu. Ku 'yan shekarar farko, ku ne za ku ci moriyar abin, don haka ku ne ya kamata ku fi kowa matsa wa wakilanku a majalisa. Ku tambaye su nawa aka tara na wasanni bana, nawa aka ware wa wasan da ba ƙwallo ba. Duk sashen da ya shirya kuma, sashenmu na jiransa a fili ranar Asabar bayan la'asar. Ku zo da ruwanku.

Allah Ya sa mu gama lafiya.